Buzuzu 103 daga tsibiri ɗaya: bincike ne ko neman suna?

Nafisa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya daɗe yana ɗaure min kai. Kusan duk sanda aka ce an gano sabon jinsin ƙwaro ko ƙaguwa, in ka bi diddigi sai ka tarar daga tsibiri ne. A 2019 wasu masana biyu suka fitar da takarda ɗaya tak a mujallar ZooKeys, a cikinta suka raɗa wa buzuzu 103 suna, dukkansu daga Sulawesi ta Indunusiya, kuma duk 'yan gida ɗaya ne, Trigonopterus. Kafin nan jinsi ɗaya kacal aka sani a tsibirin. Ta yaya za a tashi daga ɗaya a faɗa ɗari da ɗoriya? Da gaske sun bambanta, ko dai ana raba abu ɗaya ne gida-gida?

Malam Sagir:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ni na daɗe ina zargin wannan harka. Duk wanda ya raɗa wa halitta suna, sunansa da shekarar suna maƙale a gefe har abada. To me zai hana mutum ya tafi tsibirin da ba mai bin sawunsa, ya kwaso ƙwari masu kama da juna, ya ce wannan gashin ƙafarsa ya fi tsawo, wancan bayansa ya fi sheƙi? Wa zai tashi takanas ya je Sulawesi ya ƙaryata shi?

Dakta Hadiza:
Malam Sagir, da neman suna ne da ba su zuba 103 a takarda ɗaya ba, da sun yanka ta ashirin. Kuma a duk fagen ilimin halittu babu aikin da ya kai wannan rashin farin jini wajen masu ba da kuɗin bincike.

Nafisa, amsarki tana jikin ƙwaron. Waɗannan buzuzu yawancinsu milimita 2 ne zuwa 3, kuma ba sa tashi, ba su da fiffike. Wasu a cikin ruɓaɓɓen ganye suke rayuwa a ƙasan daji, wasu a kan ganyen bishiya. Ƙwaron da ba ya tashi, kwari ɗaya tsakanin duwatsu biyu ya ishe shi iyaka. Zuriyar da ke wannan dutse da wadda ke wancan za su yi dubban ɗaruruwan shekaru ba su haɗu ba, kowacce ta kama gabanta. Sulawesi kuwa duwatsu ce da rassa huɗu da suka miƙe cikin teku. Ba wai jinsi ɗaya ne a can tun da ba. Ba a taɓa zama an tace ganyen ƙasa an duba ba ne. Alexander Riedel na gidan adana halittu na Karlsruhe a Jamus ya riga ya yi irin wannan a 2013, ya fitar da 101 daga Niu Gini. Na Sulawesi kuma tare da Raden Pramesa Narakusumo, masani ɗan Indunusiya, suka yi.

Kuma ba da sheƙin baya ake raba su ba. Ana fiɗe namijin a ƙarƙashin madubin likita a ciro al'aurarsa, domin a buzuzu nan ne bambancin jinsi ya fi fitowa ƙarara. Sannan a karanta DNA. In siffa ta ce daban, DNA ma ya ce daban, sannan a yi maganar sabon suna.

Nafisa:
Na gode Dakta. Amma me ya sa ba su da fiffike? Kuma in ba sa tashi, ta ina suka isa tsibirin?

Dakta Hadiza:
Wannan tambaya ta girme mu duka. Wani Baturen Ingila, Wollaston, ya yi nazarin buzuzun tsibirin Madeira da ke tekun Atlantika, ya fitar da littafinsa a 1854. Darwin ya ɗauki lissafinsa: cikin jinsi 550 da aka sani a lokacin, 200 ba sa iya tashi. Darwin ya ce iska ce, mai tashi sai guguwa ta jefa shi teku, mai rarrafe ya tsira ya haihu. A tsibiran da ke kusa da Antatika, irin su Kerguelen, inda iska ba ta tsayawa, har ƙudaje marasa fiffike akwai. Amma ni ban yarda iska kaɗai ba ce a ko'ina. Fiffike da tsokar da ke kaɗa shi suna cin ƙarfin jiki sosai. In babu abin da kake gudu, kuma abincinka yana nan ƙarƙashin ƙafarka shekara da shekaru, wadda ta juya wannan ƙarfi ga yin ƙwai ita za ta fi barin baya.

Isa kuwa, ko dai kakanni sun iso da fiffikensu daga baya zuriya ta yar, ko sun zo a kan gungumen ice da ruwa ya kwaso, ko a jikin tsuntsu. Ba kullum ake bukata ba. Sau ɗaya a shekara dubu goma ya wadatar.

Mubarak:
In ƙara a kan maganar Dakta, Hawai ce ta fi nuna abin. Tana da nisan sama da kilomita 3,000 daga kowace nahiya. 'Yan ƙananan ƙudajen nan na 'ya'yan itace, Drosophila da danginsu, ana ƙiyasin sun kai jinsi 1,000 a can, kuma daga kaka ɗaya ko biyu suka fito. Sannan asali babu tururuwa ko ɗaya a Hawai, mutane ne suka kai ta. Guraben da wasu halittu suka cike a nahiya sai suka zama fanko, wanda ya iso ya shige. Shi ya sa a can ake samun tsutsar faɗa-wuta mai farauta. A shekarun 1970 aka gano tsutsotsin Eupithecia da ke lafewa a gefen ganye, ƙuda na taɓa bayansu su juyo su cafke. A 2005 aka bayyana wata, Hyposmocoma molluscivora, mai ɗaure katantanwa da zare ta cinye. A 2025 kuma mujallar Science ta kawo labarin wata da ke zaune a cikin saƙar gizo-gizo, tana lulluɓe kanta da kawuna da ƙafafun matattun ƙwari. Duk duniya a wani yanki mai murabba'in kilomita 15 kawai aka same ta, a tsibirin Oahu.

Ummi:
Subhanallah. Amma ni wani abu ne ya tsaya min a rai. Dakta ta ce "ana fiɗe namijin". Wato sai an kashe kenan? Halittar da duk duniya a kan dutse ɗaya take, ka je ka kama ka jefa a alkohol don kawai ka rubuta suna? Yanzu da ake da kyamarori masu ɗauko ko gashin ido, hoto bai isa ba?

Malam Sagir:
Yauwa Ummi. Ki tambaye su dai.

Dakta Hadiza:
E, ana kashewa, ba zan ɓoye miki ba. Ga dalili. Sunan kimiyya ba a jikin bayani yake rataye ba, a jikin gawa ɗaya yake. Wanda ya bayyana sabon jinsi yana zaɓar ƙwaro guda ya ce wannan ne samfurin asali, a soke shi da allura ko a sa shi a kwalba, a rubuta inda aka kama shi da ranar da wanda ya kama, a ajiye a gidan adana halittu inda kowane masani zai iya zuwa ya duba. Duk gardamar da za ta taso bayan shekara ɗari, wurinsa za a koma. Akwai kundin dokoki na duniya a kan sunayen dabbobi, lissafinsa ya fara daga bugu na goma na littafin Linnaeus, masanin Suwidin da ya kafa tsarin sunayen halittu, na 1758, kuma bugun da ake aiki da shi yanzu ya fara aiki a 2000. Wannan ce amsar tambayar Malam Sagir ta farko ma: ba sai ka je Sulawesi ba, ka nemi a ba ka aron samfurin ka duba da idonka.

An gwada hoto. A 2015 wasu masana biyu, Marshall da Evenhuis, suka raɗa wa wani ƙuda na Afirka ta Kudu suna da hoto kawai, domin ƙudan ya tsere. Dokar ba ta hana kai tsaye ba, amma an yi ca a kansu, kuma ina cikin masu ganin bai kamata ya zama al'ada ba. Hoto yana nuna abin da mai ɗauka ya ga dama ne. Ba za ka juya shi ka ga ciki ba, ba za ka ciri DNA a jikinsa ba.

Bari in ba ki labarin da ya fi gamsar da ni. A tsibirin Lord Howe na Ostareliya akwai wani ƙaton ƙwaro baƙi mai kama da guntun ice, Dryococelus australis, tsawonsa ya kai santimita 15. A 1918 jirgin ruwa mai suna Makambo ya kafe a gaɓar tsibirin, ɓeraye suka sauka. Cikin 'yan shekaru aka daina ganin ƙwaron, aka ɗauka ya ƙare. Sai a 2001 aka same shi a Ball's Pyramid, wani tsinin dutse da ya fito daga teku sama da mita 500, kimanin kilomita 20 daga tsibirin. Ba su kai talatin ba, suna maƙale a gindin wani ɗan kurmi. A 2003 aka ɗebo kaɗan, gidan namun daji na Melbourne ya shiga kiwonsu har suka yi yawa. To amma fa na Ball's Pyramid ba su yi kama sak da tsofaffin da ke ajiye ba, launi da ƙafafu sun ɗan saɓa. Shin su ne, ko wani jinsi ne daban? Tambayar tana da nauyi, domin in daban ne, sakinsu a Lord Howe shigo da baƙo ne. A 2017 aka ciri DNA daga gawarwakin da aka kama a Lord Howe tun kafin ɓeraye su gama da su, aka gwada, aka tabbatar jinsi ɗaya ne. Da wani bai soke su da allura ba shekara ɗari da suka wuce, da ba mai iya yanke wannan hukunci.

Ummi:
Na ji wannan, Dakta. Amma da a ce mutanen 2001 ɗin sun kwashe duka sun zuba a kwalba fa?

Dakta Hadiza:
Da sun yi ta'asa, kuma ba su yi ba. Mai hankali yana duba yawan abin kafin ya ɗauka. Ƙwaro biyar daga dajin da ke da dubbai ba komai ba ne, tsuntsu ɗaya ya fi haka ci kafin hantsi. Biyar daga cikin ashirin kuwa laifi ne. Abin da ke ƙarar da ƙwarin tsibiri ɓera ne, da baƙuwar tururuwa, da akuya, da sare daji.

Baba Iliya:
Ina biye da ku tun ɗazu. 'Yata Hadiza, ki yi wa Sagir adalci kaɗan, domin abin da yake tsoro ya taɓa faruwa. A tsibirin Saint Helena, can tsakiyar Atlantika ta kudu, an yi wani tsatso, wannan ƙwaron mai almakashi a wutsiya, wanda ya fi kowane girma a duniya, kusan santimita 8. Wani masani, Fabricius, ya raɗa masa suna Labidura herculeana a 1798, daga nan aka manta da shi. A 1962 aka tsinci busasshen almakashinsa a ƙasa, wani masani ya ɗauka sabon abu ne ya ba shi wani suna. Sai da aka sami masu rai a 1965 aka gane tsohon ne, sunan farko ya koma mazauninsa. An yi masa ganin ƙarshe a 1967, aka sanar da ƙarewarsa a 2014. Ƙwaro ɗaya, suna biyu, kuma ga shi babu shi.

Dakta Hadiza:
Gaskiya ne Baba, kuma irinsa suna da yawa, ba a tsibirai kaɗai ba. Amma a lura da yadda aka kama kuskuren: da samfuri aka kama shi.

Malam Sagir:
To ai kun ga. Baba, Allah ya ƙara girma. Ni ban ce duka ƙarya ba ne. Na ce ƙofa a buɗe take.

Abdul:
Ku bar ni in shigo da ƙaguwa, tun da an manta da ita. Ni mai kiwon halittun ruwa ne a akwatin gilashi, kuma a wajenmu labarin a juye yake. Akwai wasu 'yan ƙananan ƙaguwoyi masu idanu rawaya kamar fitila, ɗaya jikinta shunayya, ɗaya ja. Sun yi shekaru ana sayar da su a Turai da Asiya da Amurka, ba su da sunan kimiyya, kuma dillalai suna ɓoye inda suke samo su, kowa da ƙaryar da yake yi. Sai da Christian Lukhaup ya bi sawu har Java, sannan a 2015 shi da Peter Ng na Singafo da Christoph Schubart suka bayyana su, Geosesarma dennerle da Geosesarma hagen. Irin waɗannan ƙaguwoyi ba sa zuwa teku su saki 'ya'ya, uwa ce ke ɗauke da ƙwai har su ƙyanƙyashe da kamanninsu. Don haka kowane jinsi a ɗan kwarinsa yake ƙarewa. Abin da nake so in ce, a nan 'yan kasuwa sun riga masana. Kuma dabbar da ba ta da suna da wuya a sa ta a dokar kariya. Jami'in kwastan zai rubuta me?

Nafisa:
Yaya Abdul, ƙaguwa ma haka take yawa a tsibirai kamar ƙwari?

Abdul:
Ta ruwan daɗi, sosai. Siri Lanka kaɗai tana da sama da 50, kusan duka ba a samunsu a wani wuri, kuma yawancinsu daga shekarun 1990 zuwa yanzu aka bayyana su. A 2012 Hendrik Freitag ya bayyana huɗu daga Palawan ta Filifin, har da wata mai launin shunayya.

Mubarak:
Duk wannan ƙarami ne a kan abin da aka samo a kogunan ƙarƙashin tsibirai. A 1979 Jill Yager ta yi nutso a kogon Lucayan a tsibirin Grand Bahama, ta wuce ruwan daɗin da ke sama ta shiga na gishiri da ke ƙasa, ta ga wata farar halitta marar ido mai ƙafafu birjik kamar shanshani, tana iyo a rigingine. Da ta bayyana ta a 1981, ba sabon jinsi kawai ba ne, sai da aka buɗe mata sabon aji sukutum, Remipedia. Daga baya aka sami danginta a Lanzarote cikin tsibiran Kanari, a wani rami da narkakken dutse ya bari wanda ya shige ƙarƙashin teku, aka kuma samu a yammacin Ostareliya. Makafi ne da ba sa barin kogo, amma ga su a ɓangarori uku na duniya. Masana da yawa suna danganta hakan da tsohon tekun Tethys, kafin nahiyoyi su rabu. Ramin Lanzarote kuwa shekarunsa kimanin 20,000 ne kacal, don haka dole akwai wasu ramuka a cikin dutsen da suka daɗe a ciki kafin nan.

Ga kuma abin da zai ba Nafisa mamaki: binciken DNA ya nuna ƙwari reshe ne a cikin dangin ƙaguwa da jatan lande, kuma waɗannan makafin na kogo suna cikin mafi kusanci da su.

Amma Dakta, ina da ja a kan hanyarku. An bayyana ƙwari kusan miliyan ɗaya, ƙiyasin Nigel Stork na 2018 ya ce sun kai miliyan 5.5. Wani bincike na 2012 ya nuna samfuri yana kwashe shekara 21 a matsakaici yana jira a kan kanta kafin a ba shi suna. Da wannan tafiya daji zai ƙare ba a gama ba. Tun 2003 Paul Hebert na Guelph a Kanada ya kawo dabarar karanta ɗan guntun DNA mai haruffa kusan 650. A 2021 Michael Sharkey da abokansa suka bayyana zanzaro sama da 400 daga Kosta Rika, kusan da wannan guntun DNA da hoto kawai. Me zai hana a yi haka a tsibirai, inda lokaci ya fi ƙurewa?

Dakta Hadiza:
Mubarak ƙanina, nan ne zan koma layin Malam Sagir. A tsibiri fa kowace zuriya da ta keɓe sai DNA ɗinta ya ɗan bambanta, ko da jinsi ɗaya ne. In ka ce duk wanda ya saɓa da kashi 2 cikin ɗari sabon jinsi ne, to kowane tsibiri da kowane tsauni ka ba shi suna, ba tare da ka kalli dabbar ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago kenan. Na biyu, yawancin tsofaffin sunaye ba a karanta DNA ɗinsu ba. Ta ina za ka san abin da ke hannunka ba shi wani ya bayyana a 1880 ba? Na uku, wannan guntun ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa, kuma ƙwayar cutar Wolbachia da ke jikin ƙwari da yawa tana iya rikita shi. Na huɗu, ma'aikacin gandun daji da ke tsibirin madubin hannu gare shi. Ka ba shi haruffa 650 ya yi yaya da su?

Riedel ma sauri ya yi, amma bai yar da siffa ba: gajeren bayani, hoto mai kyau, al'aurar namiji, sannan DNA. Wannan na yarda da shi.

Mubarak:
Dakta, zanzaron nan da yawansu ko ke aka ba ki madubi ba za ki raba su ba. Kuma na'urar karanta DNA yanzu akwai wadda ke shiga aljihu.

Dakta Hadiza:
Na'urar tana shiga aljihu, sinadaranta da firjin da za a ajiye su ba sa shiga. Mu bar shi a nan, ba yau aka fara wannan faɗa ba.

Malam Sagir:
Alhamdu lillahi, yau Dakta ta dawo layina ko da rabin ƙafa ne. Saura tambaya ɗaya: gawarwakin nan a ina ake ajiye su? Domin na san na da can duk suna Landan da Faris.

Dakta Hadiza:
Na da, da yawansu suna can, kuma ɗalibin Madagaska ko Indunusiya yakan sha wahala kafin ya ga samfurin ƙwaron ƙasarsa. Yanzu ƙasashe da yawa suna shardanta izini, da abokin aiki ɗan ƙasa, da barin samfurin asali a gida. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 kan raba amfanin albarkatun halittu tsakanin ƙasashe, wadda ta fara aiki a 2014, ta ƙara ƙarfafa su. Amma tara komai a gini ɗaya ma haɗari ne. Gobarar gidan tarihin ƙasa na Brazil a Rio, a Satumban 2018, ta cinye ƙwari kusan miliyan 5, har da samfuran asali masu yawa. Shi ya sa ake raba sauran samfuran zuwa gidaje biyu ko uku a ƙasashe daban-daban.

Ummi:
Ni har yanzu maganar Yaya Abdul ce ke damuna ta wani gefen. In an buga suna da hoto da ainihin wurin, ba an nuna wa masu kwasa hanya ba kenan? Na karanta cewa ƙatuwar ƙudan zuman nan, Megachile pluto ta tsibiran Maluku a Indunusiya, an sayar da guda ɗaya a eBay a 2018 kan sama da dala 9,000.

Dakta Hadiza:
Haka ne, kuma ya faru da ƙadangaru da kunkuru ma. Kundin dokokin shawara ya bayar a faɗi wurin, bai wajabta a buga lambobin taswira ba. Don haka in dabbar mai kyau ce da za ta yi kasuwa, wasu sukan rubuta sunan lardi kawai, cikakken bayanin ya zauna a gidan adanawa, sai mai bincike da aka sani ya nema. Buzuzu mai milimita 2 kuwa ba mai saye, a rubuta komai.

Abdul:
Ɓoyewar tana taimakawa kaɗan, amma kada ku ɗauka dillalai mujalla suke jira. Hoto suke turawa ta waya ga masu kama musu a ƙauyukan tsibirin, su ce a nemo mai wannan launi. Mu masu saye ne ya kamata mu riƙa tambaya ko a akwati aka haife ta ko daga daji aka ɗebo. Geosesarma tana haihuwa a akwati ba wuya in an ba ta danshi da wurin ɓuya, kuma 'ya'yan sai an raba su da manya, in ba haka ba a cinye su.